Martani Kan Zarge-zargen da Ake Yi wa Sanata Robert Wagner

Tun watan Fabrairun 1935, lokacin da Sanata Robert Wagner na jihar New York ya ajiye wa Majalisar Dattawan Amurka ƙudurin dokar da ta tabbatar wa ma'aikaci 'yancin shiga ƙungiya, ake jifan mutumin nan da zarge-zarge. Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasar ce ta buɗe fage, tare da wata ƙungiyar manyan attajirai da ake kira American Liberty League. Ta biyun ta watse tun 1940, amma magadanta suna nan, kuma duk lokacin da maganar ƙungiyoyin ƙwadago ta taso sai su kakkaɓe tsofaffin takardun su sake karanto su kamar wani sabon bincike. An ce baƙo ne da ya shigo da baƙon ra'ayi. An ce yaron ɓatattun 'yan siyasa ne. An ce ya taka kundin tsarin mulki, ya haddasa yajin aiki, ya zubar da baƙar fata. Masu wannan magana sun san amsarta tun kafin su buɗe baki, don haka ba da su nake ba. Da mai karatu nake, wanda ke da haƙƙin a jera masa hujjoji ya yanke hukunci da kansa.

A fara da maganar baƙunta, tunda ita ce ta fi kowace arha. An haifi Wagner a garin Nastätten na Jamus ranar 8 ga Yunin 1877, iyayensa kuma suka shigo da shi New York a 1885, bai wuce shekara 8 ba. Mahaifinsa mai shara ne da kula da gini a unguwar Yorkville, shi kuma yaron yana tallan jarida. Karatunsa na boko mai zurfi duk a New York ya yi shi: ya gama City College, wadda a lokacin ba a biyan kuɗin makaranta, a 1898, ya zama lauya a 1900. Kundin tsarin mulkin Amurka shekara 9 kawai yake nema mutum ya yi yana ɗan ƙasa kafin ya zama sanata. Ranar da Wagner ya shiga majalisar a Maris ɗin 1927, ya haura shekara 40 a ƙasar. Mutanen New York sun zaɓe shi a 1926, suka maimaita a 1932 da 1938 da 1944. Wanda ke cewa baƙo ne, da waɗannan miliyoyin masu ƙuri'a yake jayayya.

Idan aka matse su kan wannan, sai su koma su ce ai ra'ayin ne baƙo, ko da mutumin ya zama ɗan gida. Wannan ma tarihin ƙasarsu ya ƙaryata shi. A 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnati ta kafa hukumar sasanta rikicin ma'aikata wadda ta amince da 'yancin ma'aikata na yin ciniki da mai kamfani a ƙungiyance, kuma ɗaya daga cikin shugabanninta biyu shi ne William Howard Taft, tsohon shugaban ƙasa ɗan jam'iyyar Republican. A 1926 Shugaba Coolidge, shi ma ɗan Republican, ya sa hannu kan dokar da ta ba ma'aikatan jirgin ƙasa wannan 'yanci, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ita a 1930. A 1932 Shugaba Hoover ya sa hannu kan dokar Norris da LaGuardia, wadda ta ɗaure hannun kotunan tarayya daga murƙushe yajin aiki da umarnin hani. Abin da Wagner ya yi shi ne ya ɗauki 'yancin da aka riga aka ba direban jirgin ƙasa ya miƙa shi ga mai narka ƙarfe da mai saƙa. A ina baƙuntar take?

Kuma daga wace ƙasa aka ɗauko shi? Ba daga Jamus ta wancan lokacin ba, domin ranar 2 ga Mayun 1933 mutanen Hitler suka mamaye ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago, suka kama shugabanninsu, suka kafa ƙungiya guda ta gwamnati. Ba daga Tarayyar Soviet ba, inda ƙungiyar ma'aikata reshe ce ta jam'iyya mai mulki. Jam'iyyar kwaminis ta Amurka ma adawa ta yi da ƙudurin Wagner lokacin da ake muhawara a kansa, tana ganin tarko ne na gwamnati. Ga doka guda, masu kamfani na kiranta kwaminisanci, 'yan kwaminis na kiranta makamin masu kamfani. Ba zai yiwu duka biyun su zama gaskiya ba, kuma masu zargin ba su taɓa damuwa su daidaita su ba. Sannan a lura da wanda ake tambaya mahaifarsa da wanda ba a tambaya. William Knudsen, wanda ya zama shugaban kamfanin General Motors a 1937, a Denmark aka haife shi, kuma ya shigo Amurka yana baligi. Iyalan du Pont da suka zuba kuɗi a Liberty League, kakansu daga Faransa ya yi hijira. Babu wanda ya ce ribarsu baƙuwa ce.

Zargi na gaba ya fi wannan ƙwari, domin yana da tushe. Wagner ɗan Tammany Hall ne, wato gungun 'yan siyasar jam'iyyar Democrat da suka riƙe birnin New York, waɗanda suka yi suna wajen cinikin ƙuri'a da rabon kwangila. Shugaban gungun, Charles Murphy, shi ya ɗora Wagner jagoran majalisar dattawan jiha a 1911, yana ɗan shekara 33. Ba na musun ko ɗaya daga wannan. Abin tambaya shi ne me ya yi da kujerar, kuma amsar tana farawa ne daga yammacin ranar Asabar, 25 ga Maris na wannan shekara.

A ranar wuta ta kama a masana'antar ɗinkin rigunan mata ta Triangle, wadda ke hawa na 8 da na 9 da na 10 na wani bene a Manhattan. Ɗaya daga cikin ƙofofin fita na hawa na 9 a kulle take, domin masu kamfani suna tsoron kada ma'aikata su saci ƙyalle. Tsanin ƙarfe na gudun gobara ya lanƙwashe ya zube da mutanen da ke kansa. Tsanin 'yan kwana-kwana kuwa a hawa na 6 ya tsaya. Mutanen da ke kan titi suna kallo 'yan mata suka riƙa faɗowa ta taga. Mutum 146 suka mutu, mafi yawansu mata baƙin haure daga Italiya da Yahudawan gabashin Turai, ƙananan cikinsu 'yan shekara 14. An gurfanar da masu kamfanin biyu, kotu ta wanke su a Disamba. Daga baya aka sasanta da wasu iyalai kan dala 75 kowane rai.

Wagner ne ya shugabanci hukumar da jiha ta kafa don binciken masana'antu bayan wannan gobara, Al Smith yana mataimakinsa. Ba a ofis suka zauna suna karɓar rahoto ba. Frances Perkins, wadda ta ga gobarar da idonta kuma daga baya ta zama ministar ƙwadago, ta ba da labarin yadda suka sa Wagner ya kutsa da kansa ta wani ɗan rami a bangon wata masana'anta, ya fita kan wani tsani mai santsin ƙanƙara wanda ya ƙare yana reto nesa da ƙasa, wai shi ne hanyar tsira idan wuta ta tashi. 'Yan hukumar sun shiga wuraren da ake zuba kayan lambu a gwangwani suka tarar da ƙananan yara suna ɓare wake, suka tsaya bakin wata masana'anta da asuba suna kallon matan da suka kwana aiki suna fitowa. Cikin 'yan shekaru majalisar jiha ta zartar da dokoki fiye da 30: a daina kulle ƙofa lokacin aiki, a sa famfon kashe gobara a manyan benaye, a riƙa atisayen fita, a taƙaita aikin yara, a ƙara masu duba masana'antu. A 1912 aka taƙaita aikin mata a masana'anta zuwa awa 54 a mako. Za a ce Murphy ƙuri'ar talakawa yake nema shi ya sa ya bari. Na yarda. Amma ɗan siyasar da ya nemi ƙuri'a ta hanyar buɗe ƙofar gudun gobara ya yi abin da aka zaɓe shi ya yi, kuma a shekara fiye da 40 da Wagner ya yi yana riƙe da muƙami babu wata badaƙalar kuɗi da aka kama shi da ita. Da akwai, da abokan gabarsa masu ɗimbin lauyoyi sun daɗe da shanya ta.

Akwai kuma abin da ya kamata a tuna wa masu ƙyamar Tammany. Al Smith, wanda ya fito daga gungu ɗaya da Wagner kuma Murphy ɗaya ya rene su, ya ɓata da Shugaba Roosevelt ya shiga Liberty League. A Janairun 1936 suka shirya masa gagarumar liyafa a Washington, ya tsaya gaban attajirai ya caccaki gwamnati, suna ta tafi. A daren nan babu wanda ya tuna Smith ɗan Tammany ne. Ke nan laifin Wagner a wurinsu ba gidan da ya fito ba ne.

Game da zamansa alƙali a babbar kotun jihar New York, daga 1919 zuwa 1926, ƙorafin shi ne ya karkata ga ma'aikata, kuma shari'a guda ake kafa hujja da ita. A 1922 ƙungiyar masu kamfanonin ɗinkin riguna ta yi watsi da yarjejeniyar da ta sa wa hannu da ƙungiyar maɗinka tun wa'adinta bai cika ba. Maɗinka suka kai ƙara, Wagner ya ba da umarnin hana masu kamfani karya yarjejeniyar, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncinsa. Shekara da shekaru masu kamfani suna karɓar irin wannan umarni daga kotuna suna ɗaure ma'aikata da shi, suna cewa alƙawari abin girmamawa ne. Ranar da aka ce su ma su cika nasu, sai alƙali ya zama mai son kai.

Sai babban zargin, wanda aka fi kashe wa kuɗi: cewa dokar 1935 ta saɓa wa kundin tsarin mulki. A watan Satumban shekarar, wata biyu bayan Roosevelt ya sa mata hannu ranar 5 ga Yuli, kwamitin lauyoyi 58 na Liberty League ya fitar da sanarwa cewa dokar haramtacciya ce. Ba kotu ce ta faɗa ba, lauyoyin kamfanoni ne, amma masu kamfani suka riƙe maganar kamar hukunci, suka yi ta garzayawa kotuna don hana hukumar da dokar ta kafa yin aikinta. Hujjarsu ita ce gwamnatin tarayya na da iko ne kawai kan kasuwanci tsakanin jihohi, ƙera kaya kuwa harkar cikin jiha ce. To, a dubi kamfanin da shari'ar ta tsaya kansa. Jones & Laughlin na cikin manyan kamfanonin ƙarfe na ƙasar. Yana da mahaƙar tama a Michigan da Minnesota, yana da jiragen ruwa a manyan tafkuna, yana da layin dogo nasa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na abin da yake ƙerawa yana fita ne daga jihar Pennsylvania. Wannan kamfani ne ya kori ma'aikata 10 a garin Aliquippa saboda sun shiga ƙungiya, sannan ya zo kotu yana cewa harkarsa ta cikin gida ce, ba ruwan tarayya. Ranar 12 ga Afrilun 1937 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce dokar halattacciya ce. Wanda ya rubuta hukuncin shi ne Alƙalin Alƙalai Charles Evans Hughes, mutumin da jam'iyyar Republican ta tsayar takarar shugaban ƙasa a 1916. Wata guda bayan haka aka yi zaɓe a kamfanin, ma'aikata kimanin 17,000 suka zaɓi ƙungiya, kimanin 7,000 suka ƙi. Waɗannan su ne mutanen da ake cewa ba sa son ƙungiya, tilasta musu ake so a yi. A cikin watan na Mayu kotun ta kuma tabbatar da dokar fansho da tallafin rashin aiki, wadda Wagner ɗin ne ya gabatar da ita a Majalisar Dattawa.

An kuma ce dokar ta kwanta gefe guda, ta lissafa laifuffukan mai kamfani ba ta lissafa na ƙungiya ba. Mai faɗin haka yana so a manta yadda sikelin yake kafin ta zo. A 1908 Kotun Ƙoli ta yarda a yi amfani da dokar hana babakere kan ƙungiyar masu ɗinkin hula na garin Danbury, har aka riƙe gidaje da ajiyar banki na talakawan ma'aikata. A 1917 ta yarda mai kamfani ya sa ma'aikaci ya rattaba hannu cewa ba zai shiga ƙungiya ba muddin yana son aiki. Kwamitin bincike na Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata La Follette, wanda ya fara zama a 1936, ya bankaɗo yadda kamfanoni ke hayar 'yan leƙen asiri daga kamfanin Pinkerton da ire-irensa suna cusa su cikin ƙungiyoyi, wasu har su zama sakatarorin reshe, da yadda suke tara bindigogi da barkonon tsohuwa a harabar masana'anta. Me dokar Wagner ta haramta? Ta hana a tsoratar da ma'aikaci kan shiga ƙungiya, ta hana a kore shi saboda haka ko saboda ya kai ƙara, ta hana kamfani kafa ƙungiyar jeka-na-yi-ka wadda shi ke ciyar da ita, ta kuma wajabta masa zama teburin ciniki da wakilan da mafi rinjayen ma'aikata suka zaɓa. Ba ta tilasta masa amincewa da ko kwabo na ƙarin albashi ba. Ba ta tanadi tara ko ɗauri kan waɗannan laifuffuka ba: iyakar abin shi ne a mayar da wanda aka kora bisa zalunci a biya shi kuɗin watannin da ya yi a waje. A 1938 ma kotu ta bar wa kamfani damar ɗaukar wasu su maye gurbin masu yajin neman ƙarin albashi. Idan akwai abin suka a nan, sassaucin dokar ne ga mai kamfani.

Daga nan sai a kawo lissafin 1937, shekarar da aka yi yajin aiki fiye da 4,700, a ce ga abin da Wagner ya shuka. Lissafin daidai ne, fassarar ce ƙarya. Kafin a yi dokar, a 1934, an zubar da jini a Toledo da Minneapolis da San Francisco, ma'aikatan saƙa kimanin 400,000 suka ajiye aiki a Satumba, aka harbe wasunsu a garin Honea Path na jihar South Carolina. Daga Yulin 1935 zuwa Afrilun 1937 kuwa dokar a takarda kawai take, saboda waɗancan lauyoyi 58 sun ba kamfanoni fatawar bijire mata. Ma'aikatan General Motors da suka yi zaman dirshan cikin masana'antar Flint daga ƙarshen Disambar 1936 zuwa 11 ga Fabrairun 1937, babban abin da suke nema shi ne a amince da ƙungiyarsu, abin da doka ta riga ta ba su. Fiye da rabin yajin wannan shekara kan wannan batu aka yi su. Kamfanin US Steel ya amince da ƙungiya a Maris ba tare da yajin kwana guda ba. Kamfanin Republic Steel ya ƙi, kuma ranar 30 ga Mayu 'yan sandan Chicago suka buɗe wuta kan ma'aikatansa da iyalansu, mutum 10 suka mutu, mafi yawa an harbe su ta baya ko ta gefe. Doka ɗaya ce ta shafi kamfanonin biyu. Wanda ya bi ta ya ci gaba da narka ƙarfensa, wanda ya bijire ya bar gawawwaki a fili. Mai karatu ya faɗi wanda ya haddasa rikicin.

Masu son rage masa daraja ta wata fuskar sukan ce ɗan aiken Roosevelt ne kawai. Kwanan wata ya isa amsa. Tun zamanin Hoover, Wagner yake tura ƙudurorin ƙidayar marasa aiki da kafa ofisoshin neman aiki, har Hoover ya ƙi sa hannu kan na biyun a 1931. Ƙudurin ƙwadagonsa na farko, na 1934, Roosevelt ne ya sa aka jingine shi. Na 1935 ya tsallake Majalisar Dattawa ranar 16 ga Mayu da ƙuri'a 63 a kan 12 tun shugaban ƙasa bai fito ya goyi bayansa ba. Sai bayan haka fadar gwamnati ta biyo sahu.

Na bar zargin wariyar launin fata zuwa nan domin shi kaɗai ne ya cancanci a tsaya a kansa da nutsuwa. Dokar ƙwadago ta 1935 ta cire ma'aikatan gona da masu aikatau a gidaje, dokar fansho ma ta yi haka, kuma a lokacin kusan biyu bisa uku na baƙar fata masu aiki a waɗannan sana'o'i biyu suke. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP ta nemi a sa sharaɗin hana ƙungiyoyin ƙwadago nuna wariya, tarayyar ƙwadago ta AFL ta ƙi, Wagner kuma ya bar sharaɗin don kada ƙudurin ya mutu. Wannan tabo ne a jikin dokar, kuma miliyoyin mutane sun ɗanɗana kuɗarsa. Ba na neman a wanke shi. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora wa Wagner niyyar da ba tasa ba. Ƙudurinsa na farko bai cire ma'aikatan gona ba, a kwamiti aka yi cirewar. Shirin fansho kamar yadda aka kawo shi ya haɗa da su, kwamitin majalisar wakilai ne ya zare su. Manyan kwamitocin majalisa a lokacin suna hannun 'yan siyasar jihohin kudu, inda aka hana baƙar fata ƙuri'a, kuma waɗannan ba za su taɓa barin mai tsinkar auduga ya kafa ƙungiya ba. Zaɓin da ke gaban Wagner shi ne doka mai giɓi ko rashin doka.

Wanda ke son sanin inda zuciyarsa take, ya dubi abin da ya yi a daidai waɗannan watanni. A 1934 shi da Sanata Edward Costigan na Colorado suka gabatar da ƙudurin da zai sa gwamnatin tarayya ta hukunta jami'an da suka zuba ido taron mutane ya kashe wanda ake tuhuma ba tare da shari'a ba, kisan da galibi baƙar fata ake yi wa. A Oktoban shekarar aka fitar da wani baƙin saurayi, Claude Neal, daga kurkuku aka azabtar da shi har ya mutu a Florida, bayan an sanar da jama'a tun kafin a aikata. A 1935 sanatocin kudu suka riƙe zauren majalisa da surutu har aka janye ƙudurin. Wagner ya dawo da shi tare da Sanata Van Nuys, sanatocin kudu suka sake riƙe zauren makonni a 1938. Roosevelt bai sa baki ba, yana tsoron rasa ƙuri'un kudu. Wagner yana buƙatar ƙuri'un nan kamar yadda Roosevelt yake buƙata, amma sunansa na kan takardar duk da haka. Sai a 2022 Amurka ta samu irin wannan doka. Su kuma masu zubar da hawaye kan ma'aikatan gona don su ɓata Wagner, a tambaye su: har yau dokar ƙwadago ta 1935 ba ta haɗa da waɗannan ma'aikata ba, wane ƙuduri suka taɓa kawowa don a shigar da su? Magadan Liberty League ba cike giɓin suke so ba, so suke a cire kowa.

A Fabrairun 1939, wata uku bayan daren da 'yan Nazi suka farfasa shaguna da wuraren ibadar Yahudawa a faɗin Jamus, Wagner da 'yar majalisa Edith Nourse Rogers ta Republican suka nemi a shigo da yara 20,000 daga Jamus cikin shekara biyu, ƙari a kan adadin baƙin da doka ta ƙayyade. Ingila ta karɓi kusan 10,000. A Amurka kuwa ƙungiyoyin da ke kiran kansu masu kishin ƙasa suka tashi haiƙan, kwamiti ya sauya ƙudurin yadda kowane yaro zai ƙwace gurbin wani babba da ke jiran biza, Wagner ya ƙi yarda da wannan ciniki, ƙudurin ya mutu. Mutumin da ake ɗora wa Jamusanci ke nan, yana ƙoƙarin ƙwato yara daga hannun gwamnatin Jamus, waɗanda ke tutiya da asali suna tare ƙofa.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce dokar Taft da Hartley ta 1947, wadda suke cewa ta tabbatar Amurka ta yi nadamar aikin Wagner. Dokar ta yi wa ƙungiyoyi dabaibayi sosai: ta lissafa musu nasu laifuffukan, ta hana sharaɗin sai ɗan ƙungiya za a ɗauka aiki, ta ba jihohi damar ƙara tsanantawa, kuma an zartar da ita duk da Shugaba Truman ya hau kujerar na-ƙi. Amma masu rinjaye a majalisar, waɗanda ke da ƙuri'un da suka isa su tsallake shugaban ƙasa, ba su soke dokar Wagner ba. Sashe na 7, wanda ya ba ma'aikaci 'yancin kafa ƙungiya da ciniki a ƙungiyance, sun bar shi, suka ƙara masa 'yancin ƙin shiga. Hukumar da suka yi shekara 12 suna zagi, ƙara yawan mambobinta suka yi daga 3 zuwa 5. Ba su iya taɓa tushen ba domin 'yan ƙungiya, waɗanda ba su wuce kimanin miliyan 3 ba a 1933, sun haura miliyan 14 a ƙarshen yaƙi, kuma kowannensu na da ƙuri'a. Wagner ya ajiye kujerarsa saboda rashin lafiya ranar 28 ga Yunin 1949, ya mutu ranar 4 ga Mayun 1953. Hukumar ce ta ƙirga ƙuri'un ma'aikatan Starbucks a Buffalo a 2021, ita ce ta ƙirga na ma'aikatan rumbun Amazon a Staten Island a 2022. A 2024 lauyoyin SpaceX da na Amazon suka fito da hujjar cewa tsarin hukumar ya saɓa wa kundin tsarin mulki, kuma kamfanonin biyu suna da ƙorafin ma'aikata a gabanta lokacin da suka gano hakan.